Wata 19 ina bin ruwan kwata: yadda binciken ya gudana daga ofishi zuwa ofishi

Makon jiya wata ƙanwa da ta shigo sashenmu ta tsare ni a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ta ce, "Yaya, an ce ke kika yi aiki a kan ruwan kwata, don Allah ta ina ake farawa?" Na buɗe baki zan ba ta amsa sai na ga maganar ba ta tsaye ba ce. Ni lokacin da na fara babu wanda ya jera mini abin da ke gabana, sai da na yi ta karo da bango, aikin da na yi wa lissafin wata tara ya cinye wata 19. Shi ya sa na zauna na rubuta shi bi da bi yadda ya faru, don wanda zai biyo baya ya san inda ramukan suke.

Asalin maganar daga malamina mai duba aikina ta fito. Na je masa da niyyar yin bincike a kan bakteriyar da ta daina jin magani, a tunanina zan riƙa karɓar samfurin jini da fitsari daga marasa lafiya. Hujjata tana hannuna: rahoton da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyi sun yi ajalin mutum miliyan 1.27 kai tsaye, suna kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Adadin farkon ma ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar. Furofesa ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Asibiti wanda ya kawo kansa kawai yake gani. Kwata kuwa kowa yana aika mata saƙo kullum safiya, mai lafiya da maras lafiya." Ya tuna mini cewa a watan Maris na 2020 masu bincike a ƙasar Holan sun ga alamar ƙwayar korona a ƙazamin ruwan garin Amersfoort tun kafin a samu rahoton mutum na farko da ya kamu a garin, kuma a 2022 ruwan magudana ne ya tona asirin ƙwayar shan inna a Landan, har aka kira yara 'yan shekara ɗaya zuwa tara su zo a ƙara musu rigakafi. Na fito daga ofishinsa ina murna, ina cewa a raina na huta da neman izinin marasa lafiya. Ashe ban san dawan garin ba.

Mataki na farko shi ne kare daftarin bincike a gaban malaman sashe, kuma shi ne mafi sauƙi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Tambaya ɗaya ce ta kama ni: shin ɗiba ɗaya zan yi in tafi, ko zan tara ruwan awa 24 in haɗa? Bambancin babba ne, domin abin da ke bin kwata da ƙarfe bakwai na safe ba shi ne ke bin ta da azahar ba. Ba mu da injin da ke ɗiba da kansa, sai muka tsaya a kan in riƙa ɗiba a lokaci guda kowane mako, in kuma rubuta wannan a matsayin gazawar aikin. Na jingina tsarina da wani babban aiki da masana a Denmark suka jagoranta, wanda aka buga a 2019, inda suka karanta ruwan kwata daga ƙasashe 60 suka ga yawan ƙwayoyin gadon bijire wa magani, wato guntayen DNA da ke sa bakteriya ta daina jin magani, yana tafiya ne sosai da halin tsafta da kiwon lafiyar wuri. Bayan gyare-gyare na samu takardar amincewar sashe cikin mako uku. Ki yi kwafinta da yawa, kowane ofishi sai ya tambaye ta.

Daga nan na nufi kwamitin ɗa'ar bincike, da nufin in karɓi takardar da ke cewa aikina ba ya buƙatar tantancewarsu, tunda ba mutum zan taɓa ba. Sakatariyar kwamitin ta duba ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, ba ke ce za ki yanke cewa ba ya buƙata ba, su ne." Ta miƙo mini jerin abin da zan kawo: fom ɗinsu a cike, cikakken daftarin, takardar sashe, tarihin karatuna da na malamina, rasit ɗin kuɗin dubawa, shaidar cewa na yi kwas ɗin ɗa'ar bincike, da wasiƙar izini daga duk wurin da zan ɗebi ruwa. Kwas ɗin ta intanet ake yi, ya ci mini kwana huɗu, kuma a cikinsa ne na fara karanta Sanarwar Helsinki ta 1964 da idon basira, wadda aka sake sabuntawa a watan Oktoba na 2024. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne kwamitin sau ɗaya yake zama a wata, kuma ana rufe karɓar fayil mako biyu kafin zaman. Na kai nawa an rufe da kwana biyu. Wannan kwana biyun ya zama mako shida.

Da aka zo zaman, wata dattijuwar likita a cikinsu ta yi mini tambayar da ta sa gumi ya keto mini. Ta ce, "'Yata, DNA ɗin mutanen da ke cikin ruwan nan, ina za ki kai shi?" Na ce ranki ya daɗe ai ni na bakteriya nake nema. Ta ce injin da ke karanta DNA bai san abin da nake nema ba, duk abin da ya tarar karantawa yake yi. Gaskiyarta. A 2023 masu bincike a Jami'ar Florida da ke Amurka, waɗanda asali kunkurun teku suke nazari, sun nuna cewa a cikin ruwa da yashi da iska ana samun DNA ɗin ɗan Adam mai kyau har a iya gano asalin zuriya da wasu alamun cututtukan gado. Ke nan mutumin da bai taɓa sa mini hannu a takarda ba yana iya shigowa kwamfutata ta bututun bayan gidansa. Damuwarsu ta biyu ita ce tsangwama: idan na rubuta cewa unguwa kaza ko asibiti kaza ne ya fi ƙwayoyi masu taurin kai, wa zai ɗauki nauyin abin da zai biyo baya? Suka mayar mini da fayil da sharaɗi uku. In rubuta yadda zan tace jerin DNA na mutane in goge kafin in duba komai ko in ɗora a rumbun jama'a, in sa wa wuraren lambobi a maimakon sunaye, kuma kada in ɗiba a bututun da ke fitowa daga gidaje 'yan kaɗan inda za a iya gane mutanen. A ranar na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin abincin dare. Yanzu da na waiwaya, tambayarta ce ta fi kowace gyara mini aiki, domin daga baya mujalla ita ma sai da ta yi mini irinta, amsar kuwa tana aljihuna.

A nan ne kuma na faɗa cikin zagayen da ya fi komai ɓata mini rai. Kwamitin ɗa'a ya ce ba zai ba da takardar ƙarshe ba sai ya ga izinin hukumar da ke kula da matatar ƙazamin ruwa da na asibitin da zan ɗiba a bayansa. Hukumar ta ce ba ta ba da izini sai ta ga takardar kwamitin ɗa'a. Asibitin kuma ya ce yana da nasa kwamitin. Mako biyar na yi ina safa da marwa da fayil a hammata, wannan ya tura ni wurin wancan, har masu gadin ƙofa suka san ni suna tambayata ya aiki. Wanda ya warware mini wani magatakarda ne da ya ga na zauna a benci na yi tagumi. Ya ce, "Ki koma ki ce su ba ki amincewa mai sharaɗi, su rubuta cewa sun yarda da aikin muddin hukuma ta ba da izini. Da ita za ki dawo." Layi uku ne kawai a takardar, kuma tana nan a tsarinsu tun can, sai dai in ba ki ambaci sunanta ba babu mai miƙo miki ita. Cikin kwana goma duk ƙofofin suka buɗe.

Ina tsammanin an gama, sai malamina ya tambaye ni ko na bi ta kwamitin kare lafiya a ɗakunan gwaji. Ban ma san da shi ba. Su ba ruwansu da haƙƙin jama'a, lafiyata da ta abokan aikina suke dubawa: a wane ɗaki zan buɗe kwalabe, da me zan kashe ƙwayoyin kafin in zubar da shara, me zan yi in ruwan ya fallatsar mini a ido. Suka nemi katin rigakafi na ciwon hanta da na sarƙe haƙora da na taifot. Ta ciwon hanta nau'in B allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Da sun dage sai na kammala, da rabin shekara ta tafi a banza. Suka yi mini sassauci in fara fita bayan ta biyu, in kawo katin in na yi ta uku. Duk da haka wata guda cur na zauna ina jiran allurar da zan iya yi tun ranar da na fara rubuta daftari.

Ga kuma ɓarnar da na yi da hannuna. Tun ranar da kuɗin tallafi ya shigo, zumuɗi ya sa na yi odar faifan karatu na injin MinION mai karanta DNA, wato ɗan faifan da ake ɗiga samfuri a kai. Shi ne abu mafi tsada a kasafina, kuma ba a ajiye shi kamar littafi. A firiji yake zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi, kuma ƙananan ƙofofin furotin da ke cikinsa suna mutuwa a hankali ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ina can ina bin ofisoshi, su kuma suna tsufa a firiji. Ranar da na gwada su, biyu daga cikin huɗu ƙofofinsu masu rai sun yi ƙasa da 800 ɗin da kamfanin ke lamuncewa, wa'adin musanya kuma ya riga ya wuce. Na zauna a kujerar ɗakin na yi kukana ni kaɗai, sannan na je na faɗa wa Furofesa. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai in rage yawan samfuran da zan karanta a nan, sauran mu nemi abokan hulɗa a waje.

Ranar fita ta farko ba zan manta da ita ba. Na isa matatar da sassafe da kula cike da ƙanƙara, kwalabe masu cin lita guda da aka turara, safar hannu, takunkumi, tabarau da takalmin roba. Aka haɗa ni da wani dattijo da ya shekara da shekaru a wurin, kowa Baba yake ce masa. Da muka je bakin ramin da ruwan gari ke shigowa, na sunkuya zan leƙa sai ya riƙo kafaɗar rigata ya ja ni baya. Ya ce, "'Yata, kin ji warin ruɓaɓɓen ƙwai?" Na ce na ji, Baba. Ya ce, "To muddin kina ji da sauƙi. In kika ji ya ɗauke farat ɗaya, ki gudu, ba tafiya ya yi ba, hancinki ya kashe." Iskar da yake nufi na san sunanta a littafi, na kuma san in ta yi yawa tana kashe jijiyar jin wari kafin ta kayar da mutum, amma ban taɓa haɗa wannan ilimin da ramin da ke gabana ba. Ya buɗe murfin muka koma gefe muka jira iska ta fita. Sannan ya ɗaura kwalba a doguwar sanda ya nuna mini inda zan zura, tsakiyar ruwa inda yake gudu, ba gefe inda kumfa da maiƙo ke taruwa ba, ba kuma ƙasa inda laka take ba. Shi ne kuma ya ce in riƙa rubuta ko an yi ruwan sama a daren, domin ruwan sama yana tsarma na kwata. Wannan shafin da ya sa na ƙara a littafina, shi ya bayyana mini makonni biyu da sakamako ya faɗi ƙasa ba dalili. Na yi wata huɗu ina zuwa kowace Talata.

A kowace fita akwai kwalba ɗaya da nake cikawa da tsabtataccen ruwan ɗakin gwaji, in tafi da ita, in buɗe ta a bakin ramin, in rufe, in dawo da ita, a yi mata duk abin da aka yi wa sauran. Mu kwalbar shaida muke ce mata. Da farko ina ganin ta ɓata kaya ce kawai, har na so in daina, mai kula da ɗakin gwajinmu ya hana ni. In na dawo, cikin awa shida nake tace ruwan ta wata 'yar takarda mai ƙofofi 0.22 na maikiron, wadda bakteriya ba ta iya ratsawa. Ruwan kwata yana toshe ta tun kafin a kai rabin kofi, sai na koyi fara barin dattin ya kwanta in tace da mai faɗin ƙofa tukuna. Takardar sai ta koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar an shafa mata laka, in naɗe ta da hantsaki in sa a ƙaramin bututu in jefa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Cire DNA daga jikinta ma sai da ya ba ni wuya, domin ƙazamin ruwa yana ɗauke da sinadaran ruɓaɓɓen ganye da ke bin DNA ɗin su hana matakin gaba aiki. In ruwan da kika samu a ƙarshe yana da ɗan launin shayi, kada ki yaudari kanki, ki sake wanke shi.

Injin MinION kansa tafin hannu yake cika, da waya ake jona shi da kwamfuta. Zaren DNA yana ratsa 'yar ƙofa, wutar lantarkin da ke bi ta cikinta tana canzawa gwargwadon harafin da ke wucewa, manhaja kuma tana mayar da canjin zuwa haruffa huɗun nan, A da C da G da T. Da irinsa aka bi sawun Ebola a Gini a 2015, a 2016 kuma aka yi aiki da shi a tashar sararin samaniya. Daren da na fara kunna shi na kasa tafiya gida, na zauna ina kallon ɗigo-ɗigon kore a fuskar kwamfuta suna nuna ƙofofin da ke aiki. Kashegari na ga wata bakteriya da ba kasafai ake ambatonta a ruwan kwata ba ta bayyana a dukan samfurana. Na fara tsara yadda zan ba da labarin a taro. Sai mai kula da ɗakin ya ce, "Malama, duba kwalbar shaida tukuna." Na duba, tana nan zaune daram a ciki. Daga kayan cire DNA ɗin ta fito, ba daga kwata ba. Tun 2014 aka nuna cewa waɗannan sinadarai da ake saya a rufe suna zuwa da nasu ɓurɓushin DNA na bakteriya. Manya ma abin ya ci su: an daɗe ana cewa mahaifa tana da nata ƙwayoyin da ke zaune a ciki, sai a 2019 wani aiki daga Cambridge a kan mata sama da 500 ya nuna yawancin abin da ake gani gurɓata ce daga kayan aiki ko lokacin haihuwa. A 2024 ma mujallar Nature ta janye wata shahararriyar takarda ta 2020 a kan ƙwayoyin da aka ce suna cikin ciwon daji, bayan wasu masana sun nuna kurakurai a yadda aka tantance bayanan. Da na yar da kwalbar nan, da da bakina zan je in yi shelar dattin kwali a gaban jama'a.

Aika sauran samfuran waje wani babi ne. Na ɗauka kamfanin aika kaya zan kira kawai. Ashe sai an ƙulla yarjejeniyar miƙa samfuri tsakanin jami'armu da ɗakin gwajin da zai karɓa, kuma ba ni ko malamina ke sa hannu ba, ofishin lauyoyin jami'a ne. A ciki ake rubuta wa ke da samfurin, me aka yarda a yi da shi, sunan wa zai fito a takarda, da abin da za a yi da ragowar. Abokan hulɗar kuma suka nemi shaidar cewa mun bi Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka ƙulla a 2010 ta fara aiki a 2014, mai cewa albarkatun halittar ƙasa ba a fitar da su sai da izininta da kuma tsarin raba amfani. Bakteriyar kwata ma tana ciki. Takardun sun ci mako bakwai, yawancinsa jiran sa hannu. Na sauƙaƙa wa kaina da aika tsantsar DNA maimakon ɗanyen ruwa, domin ɗanyen samfuri yana buƙatar lambar UN3373 da marufi hawa uku. Duk da haka busasshiyar ƙanƙarar da ke riƙe sanyi ita ma kaya ce mai haɗari a idon jiragen sama, tana da lambarta UN1845, kuma ba a toshe kwalinta ruf domin tana komawa iska ta fasa shi. Kuɗin aikawar ya ninka abin da na rubuta a kasafi. Kwalin ya kwana uku a hannun kwastan saboda an rubuta bayanin kaya da kalmomin da ba su gamsar da su ba, ni kuma ina lissafin ƙanƙarar da ke ƙarewa. Ya isa da saura kaɗan. Tun daga nan ba na aika kaya sai ranar Litinin, kuma kullum ina barin rabin kowane samfuri a firizarmu.

Da bayanai suka dawo, aikin ya koma na zama gaban kwamfuta wata biyu. Na fara da cika alƙawarin da na yi wa kwamitin ɗa'a, na tace jerin mutane na goge, sannan na gwama sauran da rumbunan ƙwayoyin gadon bijirewa irin su CARD da ResFinder. Na ga waɗanda ake gani kusan ko'ina a duniya, irin dangin CTX-M, na kuma ga NDM, wanda aka fara ganowa a 2008 a jikin wani majiyyaci a Suwidin da ya yi jinya a New Delhi, mai karya magungunan kabafenem da likitoci ke ajiyewa don ranar da komai ya ƙi. A nan na fahimci amfanin dogon karatun MinION, wato yadda yake karanta dogon zaren DNA a jere ɗaya. Gajeren karatu yana gaya miki ƙwayar gadon tana cikin ruwan, dogon kuma yana iya nuna miki tana zaune a kan filasmid, ɗan zoben DNA ɗin da bakteriya ke miƙa wa junansu ko da ba dangi ɗaya ba ne. Ta wannan hanyar ce mcr-1, mai sa bakteriya ta bijire wa maganin kolistin, da aka ba da rahotonsa daga aladu a Sin a ƙarshen 2015, ya tayar da hankalin masana. Sai dai malamina ya yi ta ja mini kunne cewa ganin ƙwayar gado a ruwa ba ya nufin akwai mutum kaza da ke kwance da cutar, kuma duk jimlar da na rubuta mai kama da haka sai ya ja mata jan biro.

Matakin mujalla ya zo da nasa tarkon. Mako guda bayan na ɗora rubutun a medRxiv, inda ake sa aiki kafin a tantance shi, imel ya fara shigo mini daga mujallun da ban taɓa jin sunansu ba, suna yabona suna alƙawarin bugawa cikin kwana goma in na biya. Kada ki kula su. Ki duba ko mujalla tana cikin DOAJ, jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ki tambayi ma'aikacin laburare. Mujallar farko ta dawo mini da shi cikin kwana tara ba tare da ta tura wa kowa ba, wai bai dace da fagenta ba. Ta biyu ta nemi lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, lambar amincewar kwamitin ɗa'a, da lambar da rumbun jama'a ya ba bayanaina, wanda ban ɗora ba tukuna, sai da na ɓata mako biyu ina cike bayanin kowane samfuri. Kuɗin bugawa a irin waɗannan mujallu ya fi ƙarfin ɗalibi, amma da yawa suna yafewa ko su rage, in dai an nema lokacin miƙa takarda. In aka bari sai an karɓa, magana ta yi wuya. Masu bita biyu suka riƙe ta wata uku. Na farko ya yi tambayoyi 23, cikinsu har da abin da na gani a kwalbar shaida da yadda na yi da DNA ɗin mutane. Na amsa su ɗaya bayan ɗaya, na yarda da inda ya fi ni gaskiya, na yi bayani cikin ladabi a wurare biyu da ban yarda ba. Aka karɓa bayan zagaye na biyu.

Da zan sake, ga yadda zan jera abin. Ranar da na fara rubuta daftari zan je in yi allurar farko in kuma yi kwas ɗin ɗa'a, tunda ba sa jiran izinin kowa. Zan je wurin sakatariyar kowane kwamiti in tambayi ranar zama da ranar rufe karɓar fayil kafin in tsara komai, domin waɗannan ranakun su ne ainihin jadawalin aikin, ba wanda na zana a daftari ba. Zan nemi amincewa mai sharaɗi tun a zaman farko. Yarjejeniyar miƙa samfuri zan fara ta ina cikin ɗibar ruwa, ba sai firiza ta cika ba. Faifan karatu kuwa ba zan yi odarsa ba sai DNA yana hannuna na auna shi na ga ya yi. A kasafi zan ware wani abu don aikawa da kuma maimaita abin da ya lalace, domin sai wani abu ya lalace. Kuma zan sa sunan ma'aikatan matatar a sashen godiya tun daga daftarin farko, da izininsu, don ni sai da Furofesa ya tuna mini, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ita ƙanwar tawa na ba ta kwafin wasiƙar amincewa mai sharaɗin don ta ga yadda ake rubuta ta, na kuma ce ta zo da katin rigakafinta ranar Litinin mu duba abin da ya rage mata. Talata mai zuwa zan raka ta matatar in haɗa ta da Baba, in bai tafi hutu ba.